Soro Mai Baka Goma Sha Shida

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tare da awo ba, ya ɗaga sama ba tare da ginshiƙi ba. Ya ku masu sauraro, ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Arzika ɗan Barmo, magini ɗan magini, mutumin Birnin Sansamo da ke bakin Jan Kogi. Na taka ƙasashe da dama, na ga garuruwan da aka kafa a kan ruwa da waɗanda aka sassaƙa a cikin dutse, amma babu inda ya tsaya mini a rai kamar wani gida da na tarar babu kowa a cikinsa sai tsohuwa guda.

Ina da shekara talatin da biyu manyan garinmu suka ce in gina musu zauren shawara wanda ya fi na kowane gari faɗi. Mahaifina ya riga ya rasu, babu mai ce mini tsaya. Na kama aiki da kaka, kafin bazara ta ƙare na rufe shi da ɗaurin guga, wato rufin nan mai tudu kamar an kifa ƙwarya, a kan baka huɗu, lanƙwasassun haƙarƙarin ginin da ke ɗauke da rufin. Har daga ƙauyuka aka riƙa zuwa kallo. A damina ta uku, wata Laraba da hantsi, rufin ya rufto. Mutum ɗaya ne a ciki: ƙanena Jatau, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya shiga fakewa daga ruwa. Da hannuna na tono shi.

Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san inda na yi kuskure ba. Na duba azara, itacen giginyar da muke ɗora rufi a kai, lafiyarta lau. Na duba ƙasa, mai kyau ce. Mutum ya kashe ɗan'uwansa, kuma bai san da me ya kashe shi ba.

Ana nan sai wani farke mai safarar kanwa ya sauka a garinmu, ya ji labarina, ya sa aka kira ni. Ya ce, "Magini, can bayan Tudun Gishiri akwai wani kwari da ake kira Kwarin Toka. A cikinsa akwai tsohon gandun wani mai ƙasa. Mutane sun watse tun da daɗewa, amma akwai wani soro a tsakiyarsa mai baka goma sha shida, ya ninka naka sau huɗu. An ce ya shekara ɗari uku a tsaye. Ni ban san gini ba, amma da na shiga sai da na cire hulata."

Kwana uku bayan haka na ɗauki dagina da gizagona da igiyar awo, na bar gari.

Na ratsa Fadamar Yawo, inda tsibiran ciyawa suke tafiya a kan ruwa, hanyar da ka bi da safe ba ita za ka tarar da yamma ba. Na haye Tudun Gishiri, inda mutane suke gina ɗakuna da curin gishiri, su riƙa korar awakinsu kada su lashe musu bango. Amma inda na kusa ƙarewa shi ne Gwaramma.

Sarkin Gwaramma ya taɓa mafarkin maƙiya sun tsallako ganuwarsa, tun daga ranar duk maginin da ya biyo ta garin sai a tsare shi, a sa shi ƙara wa ganuwa tsawo. Masu tsaron ƙofa suka ga kayan aikina, shi ke nan. Na tarar da magina a can waɗanda suka shigo da baƙin gashi, ga su da furfura. Na yi kwana arba'in ina ɗora tubali, sannan na nemi a kai ni gaban sarki.

Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar da muke gini da ita yashi ya yi mata yawa. Na hango baƙar laka a tsallaken kogi, in da za a samu irinta, ko giwa ba ta ture ganuwar nan."

Ya haɗa ni da zaratan mayaƙa biyu, muka haye a kwalekwale. Da muka isa bakin lakar na ce musu, "Ba a gane ƙarfin laka sai ƙarfafa sun tattaka ta. Ni kun gan ni, ba nauyi gare ni ba. Kuma sarki zai fi yarda da bakinku a kan nawa." Suka ajiye takubba, suka naɗe wanduna, suka shiga. Na ce su ƙara gaba, su ƙara takawa. Kafin su farga laka ta kama su har cinya, in sun zaro wannan ƙafa waccan ta nutse. Na saro doguwar gora na jefa musu inda za su kai gare ta in sun yi haƙuri, na yi musu sallama, na shiga daji. Har na yi nisa ina jin zaginsu.

A wata na bakwai da barina gida, bazara ta tsananta, na gangara Kwarin Toka.

Abin da na fara gani shi ne giginyu jere biyu, hagu da dama, sun miƙe har inda ido ya ƙare. A da hanya ce ta bi tsakaninsu, yanzu ƙaya da gamba sun cinye ta. Na yi ta sara ina kutsawa har na iso ƙofar gandun. Zauren ƙofa ya zube, sai ginshiƙai biyu a tsaye, kurciyoyi suna kuka a kansu. Na yi sallama da ƙarfi. Muryata ta je ta dawo mini.

Na shiga. Ga rumbuna sun fi sittin, duk babu rufi, bakinsu a buɗe yana kallon sama. Ga karofi, ramukan rini a jere, har yanzu bakinsu da sauran shuɗi, amma ciyawa ta cika su. Ga bargar dawaki, turakun suna nan, gara ta mai da su ƙasa, in ka taɓa su sai su ruguje a hannunka. Na leƙa wani ɗaki na benen masu gida, na ga wata tsamiya ta tsiro daga tsakar ɗakin, ta fasa rufi ta fita, saiwoyinta sun rungume wani gadon ƙarfe. A jikin bango akwai zane na ja da fari, rabi ya ɓare. A wani lungu na ga tukwane a kife a jere, kamar mai su ta wanke ta ce bari ta je ta dawo. Na yi tafiyar da ta kai zagaye unguwa guda a cikin gidan nan, ban ji motsin kowa ba sai ƙadangaru.

Sai na fito wani fili, na gan shi.

Ba zan iya kwatanta muku soron nan yadda ya kamata ba. Na shiga, sanyi ya buge ni kamar na shiga rijiya. Bakuna goma sha shida sun taso daga bango, sun lanƙwaso a hankali, sun haɗu a can sama a wuri guda, kamar yatsun hannu biyu. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Jemagu sun yi baƙi a rufin. Na tsaya, ban san lokacin da na durƙusa ba.

Da na fito na zagaya ta bayansa, sai na ga wata tsohuwa a tsugune, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a akushi, tana shafa wa gindin bangon da tafin hannunta. Na yi mata sallama. Ta amsa ba ta juyo ba.

Ta ce, "In ɓarawo ne kai, an riga ka. In kuma aljanu kake nema, a nan aka haife ni, ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

Na ce, "Magini ne ni, Iya."

Sai ta juyo. Ta ce in miƙo hannuwana. Ta jujjuya su, ta duba kantar da ke tafina, ta ce, "Ba ƙarya ka yi ba. Zo ka sha ruwa, ɗan nan."

Sunanta Tasalla. Tana zaune a wani ɗan ɗaki da ke manne da bangon soron, tana da awaki uku da 'yar gonar gero a bakin rijiya. Ta ba ni labarin wurin. Gandun wani Magaji Turunku ne, wanda ya mallaki kwarin gaba ɗaya, mutum dubu suna yi masa noman auduga da baban rini. Daga baya kogin da ke shayar da kwarin ya sauya hanya. Jikokin Magaji suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka koma birane, sauran mutane suka bi bayansu gida-gida. Mijinta Kwasau shi ne maginin gandun na ƙarshe, ya ƙi tashi. Duk shekara shi yake hawa ya yaɓe rufin soron kafin ruwa ya sauka. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, ita kuwa iyakar inda hannunta ya kai take shafawa.

Na ce, "Iya, ke dangin Magaji ce?"

Ta yi wata 'yar dariya. "Da igiya a wuya aka kawo kakannina kwarin nan."

"To, me ya sa kike wahalar da kanki a kan soronsa?"

Ta ce, "Soronsa? Magaji bai taɓa ɗaga tubali ko ɗaya ba. Namu ne suka gina shi. Ba su bar mana gona ba, ba su bar mana suna ba. Wannan kaɗai suka bari."

Na gaya mata abin da ya fito da ni daga gida, ban ɓoye mata komai ba. Ta yi wa Jatau addu'a, ta ce in zauna in duba iya son raina.

Kwana ashirin ina awo. Na auna tsawo, na auna faɗi, na auna kaurin bango da lanƙwasar kowace baka. Duk abin da na auna bai bambanta da yadda na yi nawa ba sai girma. Na tabbata sirrin yana ciki, ƙarƙashin yaɓe, inda ido ba ya kaiwa. Na ce mata ina son in ɗan buɗe ƙoƙon rufin, inda bakunan suka haɗu, in ga yadda aka ɗaure azarar.

Ta ce, "A'a. Kwasau ya ce ba a taɓa wurin nan in rufi yana jin ƙishirwa. Shekara tara bai ga yaɓe ba. Ka hau ka yaɓe shi, ka gyara indararo ruwa ya samu hanya. In damina ta wuce ya huta, sai mu ga abin da za a yi."

Na ce, "Iya, damina wata huɗu ce."

Ta dube ni. "To, ina za ka?"

Na yi mata alkawari zan yaɓe. Muka kwaɓa ƙasa, muka jiƙa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana yaɓe shan ruwa. Ranar da zan hau, ta ga makubar ba za ta isa ba, ta ɗauki kwando ta tafi bakin tsohon kogi neman ƙari. Na hau da ƙasar yaɓe a kai. Amma na hau da dagina ma.

Na gaya wa kaina kamu ɗaya kawai zan tona, in leƙa, in mayar, ba za ta ma sani ba. Na tona har na kai ga kawunan azara. Wata 'yar guntuwa ta tare mini gani, na sa hannu na girgiza ta, na zare. Sai na ji wani sauti a ƙarƙashina, ƙas, kamar an karya kara. Kafin in miƙe, rufin ya buɗe da ni.

Abin da ya cece ni shi ne, a tsakar soron akwai tsohon rumbun ƙarƙashin ƙasa da aka rufe bakinsa da itace aka daɓe. Na faɗo a kansa, ruɓaɓɓen itacen ya rage mini ƙarfin faɗuwa, ya karye, na zarce ciki na dira a kan dussar hatsin da ya shekara ɗari da ruɓewa. Ƙafata ta hagu ta karye a ƙwauri. Ramin ya yi tsayin mutum biyu, cikinsa faɗi, bakinsa tsuke kamar tulu, babu inda za a kama a hau.

Na kwanta ina kallon sama ta huda biyu, ta ramin da ta rufin. Tun hantsi har bayan azahar ƙasa tana zubo mini kaɗan-kaɗan, rufin yana ƙara kamar mai nishi. Sannan na ga hasken hudar ya dushe. Iska ta taso, na ji ƙamshin ruwa. Hadarin farko na shekara ne ya haɗo.

Sai ga kan Tasalla a bakin ramin. Ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi hudar rufin, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kai ka yi?"

Na ce, "Ni ne, Iya. Ki fita, zai faɗi."

Kanta ya ɓace. Ruwa ya kece, ya riƙa kwararowa ta hudar kamar ana tuttule tulu, yana ɗauko curin ƙasa yana jefowa. Na yi kalmar shahada, na ce daidai ne, irin mutuwar da na ba Jatau ita ta zo mini.

Can sai igiyar guga ta faɗo mini a ƙirji.

Ta ce, "Ba ni da ƙarfin jan ka."

Na ce, "Iya, don Allah ki fita!"

"Ka faɗa mini abin da zan yi, ko mu mutu tare muna gardama."

Na ce ta nemi guntun azara a cikin waɗanda suka faɗo, ta gitta shi a bakin ramin, ta ɗaure igiyar a tsakiyarsa. Na ji tana jan itacen a ƙasa tana haki. Ni kuma na ƙulla igiyar gaɓa-gaɓa iya inda hannuna ya kai. Da ta ce ta ɗaure, na hau da ƙarfin hannu kaɗai, ƙafar tana reto, duk ƙulli ɗaya sai na ga duhu. Na fito na kama rarrafe, ta riƙe wuyan rigata tana ja, curin ƙasa yana faɗuwa gaba da bayanmu. Muka fita, muka kai gindin wata ɗorawa.

A nan muka ga faɗuwarsa. Bakar da na raunana ita ta fara durƙusawa, sannan ta kusa da ita, sannan ta gaba, ɗaya bayan ɗaya kamar raƙuma suna gurfana. Jemagu suka tashi cikin ruwan sama da rana, suka rufe sararin. Bangon gabas ya kwanta a kan ɗan ɗakinta. Da ƙarar ta lafa, babu abin da ake ji sai ruwa.

Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta zauna a cikin taɓo ta miƙe ƙafafu, tana kallon wurin har ruwa ya ɗauke. Sannan ta tashi ta nemo kara da tsumma, ta ɗaure mini ƙafa.

Muka koma wani ɗaki a bargar dawaki mai sauran rabin rufi. Kwana goma sha biyu tana ajiye mini abinci, ba ta ce mini uffan ba.

Da na iya dogara sanda na je kan kufan. Bakunan suna kwance a karye, cikinsu a buɗe, abin da na yi tafiyar wata bakwai don in gani ga shi nan a fili ko'ina. Ɗaurin azarar irin nawa ne, babu bambanci. Amma ƙasar da ta lulluɓe ta hawa-hawa ce kamar albasa, kowane hawa da launinsa, kowanne da shatin yatsun wanda ya shafa shi. Na ɓamɓare hawa ɗaya, sai na ga gidan zanzaro a tsakani, cikakke, har da hudar da 'ya'yan suka fita. Na ɓamɓare wani, na sake ganin haka. Wato sai an shafa hawa ɗaya an bar shi ya bushe har zanzaro ya yi gida ya ƙyanƙyashe ya tashi, kafin a ɗora na gaba. Ni kuwa a rani ɗaya na ɗora nawa duka. Waje ya bushe, ciki yana ɗanye, ya yi ta tsagewa a ɓoye har ranar da ya sami Jatau.

Ban ji zuwanta ba sai da ta yi magana a bayana.

Ta ce, "Baka ɗaya, shekara ɗaya. Wanda ya kafa ta farko bai ga ta ƙarshe ba, ɗansa ne ya rufe. Kowace yarinya a gandun nan ta san wannan, da shi ake yi mana waƙar daka. Ka tambaye ni tsawo, ka tambaye ni faɗi. Ba ka taɓa tambayata shekara nawa aka yi ana gina shi ba."

Na kifa fuskata a kan ƙasar nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar da na bar gida. Ta bar ni sai da na gaji.

Da ƙafata ta warke ta ce, "Ka ga abin da ka zo gani. Me kake jira?"

Na ce, "Ba ki da ɗaki, Iya."

Ta ce, "A da ina da shi."

Ban tafi ba, ita ma ba ta sake cewa in tafi ba. Na yi mata bukkar ciyawa muka ƙarasa damina. Da rani na ɗebi ƙasar soron na fara gina mata ɗaki, ƙarami, mai baka ɗaya. Shekara biyu na yi a kansa. Na karɓi noman gonar da jan ruwa. Takan zauna a inuwa tana kallon aikina, wani lokaci ta ce Kwasau ba haka yake riƙe tubali ba, in gyara. Maganar soron kuwa ba ta sake fitowa daga bakinta ba, kuma ba ta sake bi ta wannan filin ba, ko akuyarta ce ta shiga sai dai ta aike ni.

A shekara ta huɗu ciwo ya kwantar da ita. Wata ranar Alhamis da la'asar ina ba ta kunu, ta ture ludayin, ta ce, "Arzika."

Ranar ce ta fara kiran sunana.

"Ranar nan da na leƙa ramin na fita, ba igiya na tafi ɗaukowa ba. Tafiyata na yi. Har na kai bakin rijiya ina roƙon Allah ya sa soron ya danne ka. A can na ga gugan a ajiye. Na daɗe ina son ka sani."

Na ce, "Da kin bar ni, Iya, ba ki yi laifi ba."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "To yanzu fa? Kin yafe mini?"

Ta ɗaga ido ta dubi rufin ɗakin, ta bi bakar da kallo tun daga wannan bango har wancan. Ta ce, "Ɗaga ni ka gyara mini matashin nan, ɗana. Wuyana ya gaji."

Na ɗaga ta, ba ta fi nauyin damin kara ba. Na gyara matashin na kwantar da ita. Kafin rana ta faɗi ta cika. Ni na haƙa kabarinta, ni kaɗai na yi mata salla, na rufe ƙofar ɗakin, na kora awakin a gabana na fita daga Kwarin Toka.

Iyakar abin da ya same ni ke nan a wancan gida, ban ƙara ba, ban rage abin da zai wanke ni ba. Wanda ya ji, in ya tashi addu'a, ya sa Tasalla matar Kwasau a ciki.